Filin Mata: Mu Koma Kan Turba

A wannan mako zancen ƙafa na zo muku da shi, watau tafiya da gudu. Na sani wata tana ganin haka za ta ce, "Yau kuma me ya sami Malama?" To, ki yi haƙuri ki karanta har ƙarshe, sa'an nan ki yanke mini hukunci.

Bari in fara da ba ku labarin kunyar da na sha. A hutun makaranta da ya wuce aka yi haihuwa a wani ƙauye da ke yamma da garinmu Dogon Daji, tafiyar kamar mil 4. Goggona, ƙanwar mahaifina, wadda ta ba shekara 60 baya, ta ce in raka ta barka. Na ce bari in aika a kira mai babur. Ta dube ni sheƙeƙe ta ce, "Ɗiyata, wagga tahiya har ta kai a biya kuɗi? Ɗauko mayafinki." Ta aza ƙwaryar gero a ka, muka kama turba.

Ba mu ci rabin hanya ba sai ga ni ina haki kamar wadda kura ta koro. Da muka zo wani ɗan tudu mai marmara, gwiwoyina suka ce ba su san zancen ba. Na zauna gindin wata kuka ina fifita da gefen mayafi. Goggo kuwa ko ƙwaryarta ba ta sauke ba. Ta tsaya a kaina ta ce, "Ashe boko bai koya muku tahiya ba?" Ni da na ke da takardar shaidar malanta, ban kai shekara 30 ba, na rasa abin da zan ce mata.

Da muka ci gaba, don ta ɗebe mini kewa sai ta shiga nuna mini abubuwa. Ta nuna mini wata tsohuwar rijiya da ta ce fatake ne ke yada zango wurinta. Ta nuna mini kufai inda kakanninmu na wajen uwa suka fara zama, ga tsamiyarsu har yanzu tana tsaye. Ta nuna mini burtalin da shanu ke bi, da inda gonar kakana ta yi iyaka da ta maƙwabcinsa. An haife ni a ƙasar nan, na bi gefen wuraren nan a kan babur ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, amma ko ɗaya ban sani ba. Ran nan na gane hasarata biyu ce: ƙarfin jikina ya tafi, sanin ƙasarmu kuma bai zo ba.

Da na komo gida na kwanta ina jinyar ƙafafu, sai na tuna da wani darasi da aka yi mana sa'ad da mu ke Kwalejin Ilmi ta Shehu Shagari a Sakkwato. An nuna mana hotunan yadda mutanen waɗansu ƙasashen Turai ke gudu don motsa jiki. Ba a filin wasa kaɗai su ke yi ba. Sukan fita bayan gari su bi 'yan turbobi ta cikin gonakin inabi, su hau tudu su gangara, su ratsa tsofaffin ƙauyuka masu ganuwa da gine-ginen dutse na ɗaruruwan shekaru. A ƙasar Faransa, a wani yanki da a ke kira Medok kusa da birnin Bodo, tun shekarar 1985 su ke yin tseren kilomita 42, watau mil 26 da 'yan kai, ta tsakiyar gonakin inabi a watan Satumba. A gabashin ƙasar kuma, a yankin Alzas inda gonakin ke kwance a jikin tsaunuka, tun 1953 suka tsara wata hanya mai tsawon kamar kilomita 170 wadda ta haɗa ƙauyukan manoman inabi, baƙi na zuwa daga ko'ina don su bi ta. Haka a arewacin Italiya akwai tuddan Lange, waɗanda hukumar UNESCO ta sa cikin jerin wuraren tarihi na duniya a 2014, saboda kyan gonakinsu da tsufan garuruwansu.

Yawancin inabin nan nasu giya su ke yi da shi, wannan kuwa ba ruwanmu da shi. Abin da ya ja hankalina shi ne dabararsu. Turbar manomi ce kawai irin tamu, amma sun ɗauke ta da daraja. A Faransa tun 1947 suka fara shata dogayen turbobin ƙafa, suna shafa fenti fari da ja a jikin itace ko dutse, don baƙo ya bi ba tare da ya ɓata ba. Inda akwai tsohuwar rijiya ko kangon gini sai su kafa allo su rubuta tarihinsa. Mai gudu ya sami lafiya, ya sami ilmi, mutanen ƙauye kuma su sami mai sayen abincinsu.

To, 'yan'uwa, me su ke da shi wanda Allah bai ba mu ba? In inabi ne, ai manoman Kudan kusa da Zariya suna nomansa, ana kai shi kasuwannin birane. Mu nan kuwa muna da abin da ya ishe mu kallo. Ki fita da sanyin safiya ki dubi fadama, ga rake ya yi kore shar, ga fangalin albasa da tumatur, ga mangwaro da giginya. In kaka ta yi, ga gero da dawa an ɗaure dammuna. In tudu ki ke so, ki nufi wajen Gwandu, tsaunuka sun kewaye garin. In kuwa tarihi ne, ban san wata ƙasa a Arewa da ta fi tamu ba, tun daga Kebbe a kudu har ki dangana da Sakkwato.

Bari in tuna mana kaɗan. A shekarar 1804 Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi hijira da jama'arsa daga Ɗagel zuwa Gudu. A 1805 jama'a suka zo suka zauna Gwandu, wadda yanzu ta ke cikin Jihar Kabi, yamma da mu. Can ne hubbaren ƙanensa Malam Abdullahi ya ke. Daga Gwandu Shehu ya koma Sifawa kusa da Boɗinga, ya zauna yana karantarwa har 1815, sa'an nan ya shiga Sakkwato inda ya rasu a 1817. Tambuwal kuwa ɗansa Muhammadu Buhari ne ya zauna cikinta ya riƙe ta. Ga Yabo ta Muhammadu Moyijo, wanda ya taimaki jama'a tun farkon al'amari. Ga Shagari, garin Alhaji Shehu Shagari, malamin makaranta da ya zama shugaban ƙasa daga 1979 zuwa 1983. Duk wadda ta shiga mota daga Tambuwal zuwa Sakkwato ta ratsa ƙasar nan, amma galibi barci mu ke yi a mota, ko kuwa idonmu na kan waya.

Akwai kuma wani abu da ya shafe mu mu mata musamman. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda aka haifa a 1793 ta rasu a 1864, tana yarinya 'yar kamar shekara 11 aka yi hijirar nan, tana cikin ayarin. Da ta girma ta zama malama sai ta kafa tsarin da a ke kira 'Yan Taru. Takan zaɓi dattijuwa mai hankali daga ƙauye ta naɗa ta jaji, ta ba ta malfa da jan rawani don a san ta. Jaji ita ke tattaro tsofaffin mata da 'yan mata ƙanana, ta jagorance su su tako har wurin Nana. Su zo da 'yar sadakarsu ta hatsi ko zuma ko man shanu, su ɗauki karatu, su koma su koya wa matan auren da ke cikin gida. Babu mota a zamanin, babu babur. Ilmin da ya shiga ɗakunan kakanninmu, a kan turba ya zo, ƙafar mace ce ta kawo shi. Saboda haka in wani ya ce tafiyar mata cikin ƙungiya baƙon abu ne da Turawa suka kawo, sai mu ce masa ya koma ya tambayi tarihi.

Yanzu bari in zo kan dalilin da ya sa abin ya dame ni ƙwarai. Watanni kaɗan bayan tafiyarmu da Goggo, Innata ta fara kukan ciwon kai da jiri. Muka kai ta asibiti aka auna ta, aka ce hawan jini ne. Inna ƙanwar bayan Goggo ce ga shekaru, amma tun da aka ja mana famfo cikin gida, aka kawo injin niƙa unguwarmu, yara kuma suka girma suka karɓe mata aikace-aikace, sai ya zama daga ɗaki sai tabarmar tsakar gida. Ma'aikaciyar asibitin ta ba ta magani, ta ce ta riƙa sha kullum ba fashi, ta rage gishiri da ɗanɗanon miya, sa'an nan ta riƙa tafiya. Inna ta ce, "Tafiya zuwa ina?" Wannan tambaya tata ita ce ta hana ni barci.

Gama gaskiya ne, zuwa ina? Injin niƙa da famfo da babur alheri ne, ba mai son a koma wahalar da. Amma sun ɗauke mana motsin da jiki ya saba da shi, ba mu kuwa sa wani abu a gurbinsa ba. Jikin mutum kamar ƙofar ƙarfe ne, in ba a buɗe ta ana rufewa sai ta yi tsatsa. Zuciya tsoka ce, aiki ke ƙarfafa ta. In mutum na tafiya da sauri, jini na gudana sosai, jijiyoyi na saki, tsokoki kuma na ƙone sukarin da ke cikin jini. Shi ya sa tafiya ke taimako wajen tsare mutum daga hawan jini da ciwon suga, ta rage ƙiba, ta kawo barci mai daɗi. Hukumar Lafiya ta Duniya, cikin shawarar da ta fitar a 2020, ta ce babban mutum ya sami aƙalla minti 150 na motsa jiki matsakaici a kowane mako. In kin raba, minti 30 ke nan a rana, kwana 5 a mako. Bai kai lokacin da mu ke ɓatawa wajen hira a bakin murhu ba.

Amma kada a fahimce ni a karkace. Akwai 'yan'uwanmu a ƙauyuka da rugage waɗanda kullum sai sun yi mil da yawa, ga tulu a ka, ga goyo a baya, ko ƙwaryar nono zuwa kasuwa. Waɗannan ba su bukatar wa'azina. Abin da su ke bukata shi ne rijiya kusa da gida, da abinci mai kyau, da hutu. Da mu na ke, matan gari, malaman makaranta da ma'aikata da masu sana'ar zaune, da 'yan matanmu da ke tasowa ba su iya zuwa ko bakin kasuwa sai an kira musu babur.

Ga abin da muka yi, ko wata za ta ɗauki wani abu a ciki. Na yi shawara da malamai mata biyu na makarantarmu da wata maƙwabciyarmu, kowace ta nemi izini a gida. Na je na durƙusa gaban Goggo na ce, "Goggo, so mu ke ki zama jajinmu." Ta yi dariya har da hawaye, amma ta yarda. Ran Asabar bayan sallar asuba, gari ya fara wayewa, muka fita mu shida har da Inna. Muka bi gefen fadama muka kewayo ta bayan gari, ba mu yi nisa ba. Mako na farko Inna ta huta sau uku. Yanzu ba ta hutawa sai mun kai gindin tsamiya, maganinta kuma ba ta fasa sha ba. Mun zama mu goma sha ɗaya.

Ba a rasa masu magana ba. Wani dattijo a unguwarmu ya aiko a gaya wa mahaifina wai 'yarsa ta tara matan mutane suna yawon banza. Baba ya kira ni ya ce, "Ke, me na ke ji haka?" Na ce, "Baba, likita ce ta ce Inna ta riƙa tafiya, ita kaɗai kuwa ba ta iyawa. Goggo na gabanmu, da mayafanmu mu ke fita, kafin rana ta ɗaga mun dawo mun ɗora sanwa." Ya yi shiru, can ya ce, "To, kada ku wuce inda a ke jin kiran salla." Wannan sharaɗi nasa shi mu ke bi har yau, na kuwa ga hikimarsa. Dattijon nan ma, da ƙafar uwargidansa ta fara kumburi, da kansa ya aiko ta.

Batun gudu kuwa, mu manya tafiya da sauri ta ishe mu. Amma 'yan mata ƙanana a bar su su yi gudu a filin makaranta, cikin shiga ta mutunci, wando dogo a ƙarƙashin riga. Ba abin kunya ba ne. Malamai sun ruwaito cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi tsere da Nana A'isha har sau biyu, ta tsere masa a na farko, ya tsere mata a na biyu. A zamaninmu kuma, Nawal El Mutawakkil 'yar ƙasar Maroko ta ci lambar zinariya a wasannin Olamfik na 1984. Derartu Tulu ta Habasha, wadda ta tashi tana kiwon shanu a tuddan Bekoji, ta ci ta tseren mita 10,000 a 1992. A nan Nijeriya ma tun 2013 aka fara tseren kilomita 10 a kan tuddan Okpekpe cikin Jihar Edo, maza da mata na shiga. Ban ce lalle 'yarki ta zama 'yar tsere ba. Na ce dai yarinyar da ta saba motsa jiki takan fi kuzari a aji, ta kuma fi jure ɗawainiyar da ke jiranta in ta girma.

Ga 'yan shawarwari ga wadda ke son farawa.

Na farko, kada ki fita ke kaɗai, kada kuma ki fita ba da sanin maigida ko iyaye ba. Ku nemi dattijuwa ta shige gaba. Ita ce garkuwarku daga bakin mutane, ita ce kuma littafinku na tarihi.

Na biyu, maganar tsaro. Duk mun san halin da waɗansu sassan jiharmu suka shiga a shekarun nan saboda 'yan bindiga, har akwai gonakin da masu su ke shakkar zuwa. Kada sha'awar tarihi ta kai ki daji. Ku tsaya kusa da gari, inda manoma ke kai da kawowa, ku tambayi mai unguwa kafin ku canja hanya. In an ce a dakata, ku dakata. Ranar da ba ta fituwa, tsakar gida ma fili ne: ki kewaya ta da sauri har minti 30 su cika. Wadda ke cikin kulle ma wannan ƙofa a buɗe ta ke gare ta.

Na uku, lokaci. Zafin ƙasarmu ba abin wasa ba ne, a watannin bazara yakan haura digiri 40. Ku fita da sassafe, kowace da gorar ruwanta. Da hunturu a rufe hanci saboda ƙura, da damina kuma a kula da santsi da macizai a cikin ciyawa.

Na huɗu, takalmi. Silifas na sa tuntuɓe a kan marmara, ƙaya kuma na huda shi. Takalmin kambas na gwanjo ya wadatar, in da safa ya fi.

Na biyar, sannu ba ta hana zuwa. Ki fara da minti 10, ki riƙa ƙarawa mako mako. Ma'aunin saurin da ya dace shi ne ki ji numfashinki ya ƙaru amma kina iya magana da ta kusa da ke. In kin ji ciwon ƙirji ko jiri, ki tsaya nan take ki nemi asibiti. Mai ciki, da mai hawan jini ko ciwon suga, su fara tambayar ma'aikatan lafiya.

Na shida, gonar mutane amana ce. A bi turba, kada a taka shuka, kada a karya raken wani ko a tsinki mangwaronsa sai ya bayar.

Akwai kuma wani aiki da na ke roƙon 'yan'uwana malaman makaranta mu ɗauka. Duk ranar da muka fita ina riƙe da ɗan littafi, abin da Goggo ta faɗa game da wata rijiya ko kufai ko itace sai in rubuta. Ran Litinin in karanta wa 'yan ajina, in ce kowace ta je ta tambayi kakarta ta kawo nata. Wata yarinya ta kawo mini sunayen unguwannin garinsu na da guda bakwai, waɗanda ko mahaifinta bai sani ba. Tsofaffin nan ba za su dawwama ba. Turbar da aka daina bi ciyawa ke cinye ta, labarinta kuma ya bi mai shi kabari. Fatana shi ne in Allah ya maido mana da zaman lafiya sosai, wata rana in ɗauki 'yan ajina mu je Sifawa da Gwandu, mu sauka daga mota mu taka da ƙafarmu, su ga wuraren da su ke karantawa a littafi. Gani ya kori ji.

Wadda ta gwada a garinsu, ko daga Kebbe ta ke, ko Jabo, ko Sanyinna, ta rubuto mini ta hannun Edita ta gaya mini yadda ta kaya, da abin da tsofaffinsu suka nuna musu a hanya. Zan sa a wannan fili don sauran 'yan'uwa su ƙaru. Ni dai Asabar mai zuwa akwai sauran bashi tsakanina da tudun nan mai marmara, Goggo ta ce sai na hau shi ban zauna ba za ta yarda na yi boko.

Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.

Taku,
Malama, Dogon Daji